Eka Hamsin

A shekarar 1621 wani jirgin ruwa ya sauke wani baƙin mutum a gaɓar Birjiniya, inda Turawan Ingila ke ta faman kafa zama a Amurka. A takarda ba sunan ubansa, ba na garinsu. Antonio kawai aka rubuta, sai launin fatarsa. Aka kai shi gandun taba na gidan Bennett.

A watan Maris na 1622 'yan asalin ƙasar, mutanen Powhatan, suka far wa gandun, suka kashe mutum hamsin da ɗoriya. Antonio na cikin 'yan tsirarun da kwanansu ke gaba. A gandun nan ya haɗu da Mary, ita ma jirgi ya kawo ta. Suka yi aure, suka shafe fiye da shekara arba'in tare.

Sannu a hankali ya samu kansa. Ya koma Anthony Johnson, ya tara shanu da aladu. A 1651 aka ba shi eka 250 a gundumar Northampton. Da gobara ta cinye masa dukiya, kotu ta yafe wa matarsa da 'ya'yansa mata biyu haraji har ƙarshen ransu. Ya san ƙofar kotu, kotu ta san shi, har Turawa na gaisawa da shi.

A gonarsa akwai wani baƙin mutum mai suna John Casor. Casor ya ce aikin wa'adi ya zo yi, shekara bakwai ko takwas, wa'adin kuma ya daɗe da cika. Wani Bature maƙwabci, Robert Parker, ya tsaya masa. Matar Johnson da 'ya'yansa suka sa baki, ya sallame shi. Casor ya koma aiki wajen Parker.

Abin ya tsaya wa Johnson a rai. Shi da ya san zafin igiya a wuya, ya san ranar gandu, ya san yadda ake ƙirga shekarun wa'adi ɗaya bayan ɗaya, ya tashi ya shigar da ƙara. A watan Maris na 1655 kotu ta yanke hukunci: Casor na Johnson ne muddin ransa, Parker ya biya kuɗin shari'a. Johnson ya yi nasara. Ya tasa mutuminsa gaba suka koma gida.

Dokar ƙasa kuwa ba ta tsaya inda ya bar ta ba. A 1662 majalisar Birjiniya ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, wato ɗan baiwa bawa ne ko wane ne ubansa. A 1667 ta ƙara da cewa shiga addinin Kirista ba ya 'yanta kowa. Kafin nan Johnson ya sayar da mafi yawan gonarsa, ya bar wa ɗansa Richard eka hamsin, ya ƙaura Merilan ya karɓi hayar eka 300. Casor na cikin abin da ya tafi da shi.

Johnson ya rasu a 1670. A shekarar nan aka zauna a Birjiniya kan maganar eka hamsin ɗin. Ba a tuna da gobara ba, ba a tuna da shekarun gaisuwa ba, ba a tuna da shari'ar da ya ci ba. Aka ce mamacin baƙar fata ne, saboda haka baƙo ne, ƙasar baƙo kuwa ta Sarkin Ingila ce. Gonar ta koma hannun wani Bature. Richard bai sami inda zai kai kuka ba, don ƙofar da za a ƙwanƙwasa ita ce wadda ubansa ya fito ta cikinta da murna shekara goma sha biyar da suka wuce.

A 1677 wani jikan Johnson ya sayi eka 44 a Merilan. Ya raɗa wa gonar suna Angola.