Mutanen Gosulo a Lokacin Hunturu

Daga Zuba zuwa Kano tafiyar kilomita 375 ce, kuma a lissafin takarda mutum zai karya kumallo a Abuja ya yi Azahar a Na'ibawa. Takarda ba ta san Disamba ba. Da zarar iskar hunturu ta kwaso ƙurar Sahara ta juye mana, ga masu zuwa biki, ga masu hutun ƙarshen shekara, ga manyan motocin tumatir da albasa suna gangarawa Kudu, to ka san lokacin tashinka, lokacin isa kuwa sai Allah. Hazo ya rufe gaba, jaura ta shiga ƙashi, tanka ɗaya ta kwanta a Tafa, shi ke nan an kafa gari a tsakiyar titi. Gari ne kuwa sosai, da sarakunansa da malamansa da 'yan kasuwarsa, har da waɗanda ya kamata a ce suna ɗaure.

Tun kafin a kai ga cunkoson za ka fara sanin direban da ya haddace hanya. Tun yana yaron mota yake bin ta, in ji shi, tun ba a mayar da ita tagwaye ba. Hazo ya yi kauri har ba ka ganin turken lantarki na biyu, shi kuwa ƙafarsa na kan totur, hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan yana goge gilas da hularsa. Maganin hazo a wurinsa shi ne ya kunna dogon haske, wanda ba ya yin komai sai ya daki ƙurar ya dawo masa cikin ido, ya kuma makantar da mai tahowa. In wata baiwar Allah ta ce, "Direba, a yi a hankali mana, da 'ya'ya muka bari a gida," sai ya yi dariya ya ce, "Hajiya, hanyar nan ko ido rufe zan kai ki Kano." Ai kusan ido rufen ake tafiya. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne ramukan da ya haddace na bara ne, bana sun hayayyafa. Kuma tun da aka fara aikin gyaran hanyar a 2018, wurin da ake karkatar da motoci hannu ɗaya ba ya zama wuri guda: inda ka bi sumul makon jiya, yau durom ne da tulin ƙasa.

A cikin motar kuma ana wani yaƙin, yaƙin gilas. A gefe guda ga Baba mai jin sanyi: suwaita biyu, babbar riga a kai, hular sanyi a ƙarƙashin rawani, safa a hannu da ƙafa, ba abin da ake gani sai idanu biyu da suka sha kwalli. Ko allura ce ta samu hanyar shigo da iska sai ya ji. "Ɗana, rufe gilas ɗin nan, so kake ka kashe ni?" A ɗaya gefen ga saurayin da ya zo tasha tun asuba don ya kama bakin taga, shi kuwa gumi yake yi, don mutum goma sha takwas a Homa ɗaya, kowa da numfashinsa, ga wata ta shafe jiki da man zafi, wani kuma ya sayi kifi a Zuba yana ɓoyewa a leda. Saurayi ya sauke gilas, Baba ya yi salati. Saurayi ya ɗaga, na baya su ce za su shiƙe. A tsofaffin motoci direba ne ke raba wannan gardama, don mariƙin gilas ɗaya ne tak a motar, yana aljihunsa, sai ka roƙa a miƙo maka hannu da hannu, ka murɗa, ka mayar.

Wanda ke kawo sulhu na gaskiya shi ne mai mura. Ba ya zama ko'ina sai tsakiya. Ba shi da hankici, ba shi da takunkumi, atishawarsa kuma ba ta zuwa ɗaya-ɗaya. A ta farko jama'a za su ce "Yarhamukallah." A ta biyar ba mai cewa komai. A ta goma Baba da kansa zai leƙo daga cikin rawani ya ce, "Ɗana, ɗan sassauta gilas ɗin kaɗan."

Akwai kuma ɗan bautar ƙasa daga Kalaba ko Fatakwal, wanda aka gaya wa Arewa zafi gare ta, ya taho da 'yar riga mai gajeren hannu. Leɓe ya tsage, fata ta yi fari fat, haƙora suna kaɗawa. Nan take motar za ta zama asibiti: wannan ya ce man kaɗe, waccan ta ce basilin, wani ya ce shayi mai citta da kanumfari. Ba ya jin ko ɗaya, sai dai ya gyaɗa kai yana cewa "Na gode," kalmar da ya iya ke nan.

To, sai a tsaya. Jan wuta a gaba har iyakar inda hazo ya bari ka gani. A nan ne babban mutumin wannan gari yake bayyana, wato ɗan wan-we. Ya kamata a yi masa adalci, a bayyana aikinsa dalla-dalla, don ba ƙaramin gwani ba ne. Tirela ta lalace ta tare layi ɗaya, saura ɗaya. Da kowa zai bi sahu, a hankali a hankali cikin rabin awa an wuce. Shi kuwa minti uku ya yi masa yawa. Sai ya leƙa, ya ga hannun masu tahowa fayau, ya ce a ransa duk waɗannan da suka jeru wawaye ne. Ya karya kan mota ya haura. Kafin ka ce kwabo mota ashirin sun rufa masa baya, don ɗan wan-we ba ya rasa mabiya. Layi biyu ya zama huɗu, wasu suka sauka gefen titi suna tayar da ƙura a kan ƙura, ya zama shida. A can ɗaya ɓangaren ma akwai irinsa, ɗan'uwansa na jini a hali, shi ma ya yi irin wannan dabara. Sai a haɗu a tsakiya, goshi da goshi, kamar raguna za su yi karo. Yanzu ko an gyara tirelar ba inda za ta bi, motar da za ta zo ta janye ta ma tana can baya kilomita biyar ta maƙale. Abin rabin awa ya zama na kwana.

Abin da ya fi ba ni mamaki da shi ba haurawar ba ce. Bayan ya gama ƙulle hanya, shi ne na farko da zai fito, ya jingina da mota, ya harɗe hannu, ya girgiza kai ya ce, "Kai, ƙasar nan ba za ta gyaru ba. Mutanenmu ba su da haƙuri." Kuma za ka ga mutane suna taya shi.

Daga nan sai sarkin hanya ya naɗa kansa. Fasinja ne kawai ko direba, amma ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannun 'yar ciki, ya samo reshen bishiya. "Kai, ja baya! Kai, karyo nan! Malam, taho, taho, taho, tsaya!" Yana dukan bonet, yana tsawa, har ka fara yi masa addu'a. Ka lura da kyau: duk ƙoƙarin nan layi ɗaya yake buɗewa, layin da motarsa take. Tana kawowa zai yar da reshen, ya faɗa ciki, ya bar masarautar ba ko sallama.

Ɗan rahoto shi ma ba ya zama. Zai ce bari ya je ya gano abin da ya faru, ya ɓace cikin hazo, bayan awa guda ya dawo da rake a hannu da labari a baki. Tankar mai ce ta faɗi. Wani ɗan rahoton ya dawo ya ce a'a, direbobin tirela ne suka rufe hanya don an taɓa ɗaya daga cikinsu. Na uku ya rantse gwamna ne zai wuce. Babu wanda ya kai wurin a cikinsu. Duk a teburin mai shayi suka tsaya, shi ma mai shayin a bakin wani ya ji.

Kowace mota kuma da masaninta. Shi zai gaya maka cewa ƙurar nan daga Chadi take tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele, inda tsohon tafki ya ƙafe, iskar arewa maso gabas ta ɗauko ta har bakin teku. Gaskiya ya faɗa. Zai ƙara da cewa hayaƙin da ya gauraya da ita na masu ƙona daji ne don farautar gafiya, nan ma da gaskiyarsa. Matsalar ita ce ba ya tsayawa. Daga Bodele ya shiga kwangilar hanya, daga nan ya koma cire tallafin mai na 2023, ya bi ta kan farashin taki, ya faɗa ƙwallon Ingila. Ba ka da wurin gudu, ƙofar ma ta waje ake buɗe ta.

Wanda yake ba ni tausayi da dariya a lokaci guda shi ne Yallaɓai wanda jirgi ya ƙi tashi da shi. Duk shekara hazo kan hana jirage sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, sai ga manya a titi ba shiri. Ya nemi tikitin jirgin ƙasa na Idu zuwa Rigasa bai samu ba, dole ya ɗauki shatar mota. Rabonsa da hanyar nan ya manta. Komai sabo ne a wurinsa. "Direba, yanzu haka mutane suke fama?" Haka suke, ranka ya daɗe. Waya biyu a hannu, yana kiran wani da ya sani a hukumar kiyaye haɗurra, yana kiran wani kwamishina, yana faɗin sunan muƙaminsa da ƙarfi don na kusa su ji. Babu abin da ya motsa. Wajen La'asar za ka gan shi tsugune a gefen titi, takalmi ya yi buɗu-buɗu, yana ɓare dafaffen ƙwai yana tambayar yarinya ko akwai sauran yaji.

Mai jiniya ba sai an ɓata masa tawada ba. Yana zuwa da kwambarsa, ana dukan motocin talakawa a buɗa masa, wasu 'yan dabara su manne a bayansa suna kunna fitilu su ma a ce da su ake. In cunkoson ya cika cunkoso, shi ma a nan zai tsaya, jiniyar ta yi ta kuka har ta gaji.

Shi kuwa mai waya ƙarya ce sana'arsa. Ko Jaji ba a kai ba, kana ji zai ce, "Wallahi ga mu nan a Kwanar Dangora, a zuba abinci." Bayan awa biyu a sake kira: "Mun wuce Kura." Duk motar ta yi tsit, an zama shaidun zur ba a shirya ba. Sai yaron da ke kan cinyar uwarsa ya ɗaga murya ya ce, "Umma, yaushe za mu kai Zariya?"

Masu cin ribar abin su ne 'yan talla. Wurin da ka rantse daji ne, ba gida ba bukka, minti goma da tsayawar motoci sai ga rake, ga gyaɗa, ga ruwan leda, ga burodi, ga mai tsire ya hura wuta, ga mai sayar da hular sanyi da safa da cajar waya. Farashi kuma yana tafiya da tsawon layi. Wadda ta fi ƙarfinsu ita ce Hajiya mai kula. Tun a tasha aka yi ta yi mata tsiya kan yawan kaya, har yaron mota ya nemi ƙarin kuɗi. Ƙarfe tara na dare, sanyi ya sauko, ciki ya ɗauki kiran ciroma, sai ta buɗe: dambun nama, soyayyar kaza, cincin, fulas ɗin kunun gyaɗa yana tururi. Daga wannan lokaci ita ce mai mulki. Wanda ya ce mata da safe "Hajiya, gyara kayanki" yanzu "Mama" yake kiran ta. Ita kuwa ba ta manta ba, shi take miƙa wa a ƙarshe, kuma wuya ne.

Mutum ɗaya ne gosulo ba ya taɓa wa zuciya, shi ne direban tirela. Shi da ya saba kwana a Tafa da Mararrabar Jos, ko ya yi mako a hanyar Legas, awa shida ba komai ba ce. Sau da yawa ma motarsa ce ta jawo abin. Ya sa yaransa sun karyo ganye sun jera a titi, alamar gargaɗi ke nan, a cikin hazon da ba ka ganin ganyen sai ka taka shi. Ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, ya kunna risho, ya ɗora shayi, ya kunna rediyo. Wasu fasinjoji sun kewaye wutar da yaransa suka hura da tsohuwar taya, suna jin ɗumi suna zaginsa a hankali. Je ka tambaye shi yaushe za a gyara, ya kurɓi shayi ya ce, "An tafi Kaduna sayo kayan gyara." Yaushe aka tafi? "Jiya." Ba zai ɗaga murya ba, ba zai ba ka haƙuri ba, amma in ka tsuguna zai miƙo maka kofi.

Sai kuma mai barci, wanda tun daga Zuba ya ja hula ya rufe fuska, ya ɗora kai a kafaɗar maƙwabcinsa. Bai san an tsaya ba, bai san an yi faɗa ba. A Na'ibawa za a tashe shi da asuba, ya yi miƙa ya ce, "Kai, yau hanya ta yi kyau."

Duk waɗannan ana iya zama da su, har masanin ma in an toshe kunne da hular sanyi. Hazo na Allah ne, zai yaye kafin bazara. Ɗan wan-we ne kaɗai ba shi da lokaci, rani da damina yana nan. Roƙona ga jami'an kiyaye haɗurra shi ne, in kun kama shi kada ku ci shi tara, don zai biya ya sake. Ku karɓe makullin motarsa, ku sa shi a kujerar ƙarshe ta Homa, mai mura a damansa, masani a hagunsa, Baba a bakin taga, gilas a rufe, har Kano.