Zuwa ga Malam Kwamfuta, Abokin Ludon da Ba Ya Numfashi

Malam Kwamfuta,

Gaisuwa da ban gajiya, ko da yake an ce kai ba ka gajiya. Daga Dakoro nake rubuto maka, da yawun samarin fada masu buga ludo a waya, musamman tun da kamfanin Gametion na Indiya ya fitar da Ludo King a 2016. A wasannin intanet da yawa, idan rezo ya ɗauke wa wani ko aka rasa na huɗu, kai ake turowa ka cike gurbi. Mun gode. Kukanmu ɗaya ne: garajenka ya yi yawa.

Babu mai musun saurinka. Tun 1997 yayanka Deep Blue ya kayar da Garry Kasparov a darar Turawa, yana auna matsayi kusan miliyan 200 cikin daƙiƙa guda. To amma idon ɗan Adam sai ya ga lambar da ta fito, ya ga wane ɗa aka taɓa, sannan ya bi shi gida-gida har inda ya sauka. Idan kai da ƙannenka biyu kuka yi wasanku kafin ƙiftawar ido, abin da mutum zai tarar kawai shi ne an cinye masa ɗa, bai ga ta ina aka biyo ba. Daga nan sai ya rantse an yi maguɗi, alhali lissafinka daidai ne. Dubi tsofaffin da ke buga dara a ƙasa: gwani ya daɗe da sanin gurbin da zai kafa tsinkensa, amma sai ya ɗan riƙe shi a sama, abokin karawa ya hango abin da ke shirin samunsa, ƴan kallo su sami bakin tsokana.

Za ka ce jinkiri yana cin kuɗin intanet da cajin waya, a garin da wuta ke zuwa ta koma. Gaskiyarka, shi ya sa ba jinkirin bai-ɗaya muke roƙo ba. Idan ƴaƴanka duk suna gida kuma shida ba ta fito ba, wuce nan take. Tunanin me za ka yi? Inda zaɓi yake, tsakanin ka ci ɗan wani ko ka tsere da naka, nan ne za ka dakata daƙiƙa ɗaya ko biyu. Masu saka maka daƙiƙa uku a kowane motsi sun ma fi ɓata wasan, don har mai haɗa shayi ya haddace ƙidayar.

Wasu kuma na cewa jinkirin yaudara ne, wai kana kwaikwayon mutum. Ai yaudarar tana wurin sunan aro da hoton budurwa da akan liƙa maka. A cire su, a rubuta Kwamfuta ɓaro-ɓaro a kan kujerarka. In ka ci mu a haka, aƙalla mun san wa za mu zaga.

Naka,
Wani ɗan kallo, Dakoro