Ciwo a Fata, Allura a Jijiya

Na san ku, 'yan gardamar bakin majalisa. An ce likita ya duba mai ciwon soriyasis, fata ta yi kauri tana zubar da farin ɓawo a gwiwa da gwiwar hannu da tsakar kai, sai ya tura shi a ɗebi jini. Tun ba a kai ƙarshen zance ba kun yanke hukunci: cin kuɗi ne. "Abin da ido ke gani, me ya kai shi kwalba?" To Alhaji, gyara zama.

Fatar mai lafiya kan yi kusan wata guda kafin ta sabunta. Ta mai wannan ciwo a 'yan kwanaki take gamawa, sabuwa na hawa kan tsohuwa. Wa ke korar ta haka? Garkuwar jiki ce ta rikice, tana sakin wasu furotin, su TNF da IL-17 da IL-23, suna zuga fata. Kuma ba a fata suke tsayawa ba. Kusan mutum 3 cikin 10 masu soriyasis, ciwon kan sauka musu a gaɓoɓi. A 2006 Joel Gelfand na Jami'ar Pennsylvania ya bi bayanan marasa lafiya na Birtaniya, ya ga waɗanda ciwon ya tsananta musu sun fi fuskantar bugun zuciya. Man kaɗanyar da Hajiya ke yabo yana tausasa ɓawo, ban musa ba, amma ta ina zai bi ya isa jijiyar zuciya?

Shi ya sa ake duba jini. Gwajin da aka fi sani shi ne CRP, furotin da hanta ke fitarwa idan kumburi ya tashi. Ba sabon yayi ba ne: tun 1930 William Tillett da Thomas Francis suka gano shi a New York, cikin jinin masu ciwon huhu. Ya girmi mai gardamar.

Na ga kuna murmushi, kuna jiran inda zan yi tuntuɓe. Ga rabonku: CRP kamar mai ihun gobara ne da ba ya faɗin gidan wa. Zazzaɓin cizon sauro na ɗaga shi, ƙiba na ɗaga shi, ruɓaɓɓen haƙori ma. Wani kuma fata ta lalace amma gwajinsa lafiya lau. Shi ya sa likita ba ya gane soriyasis da takardar gwaji kaɗai, sai ya duba, ya taɓa, ya tambaya. Masu bincike na ta auna wasu furotin da suka fi bin sawun ciwon, irin su beta-defensin 2.

Sai dai idon da kuke taƙama da shi ma yana da nasa. Ma'aunin PASI na tsananin ciwon, wanda ke tashi daga 0 zuwa 72, yana lissafa jan fata, alhali a baƙar fata wurin duhu yake yi ko toka-toka, har a raina tsananinsa.

Saura mai cewa kada a ci tuwo da mai ciwon a kwano ɗaya. Ba a ɗauka, Malam, ko da musabaha. Wanke hannu ka matso, miya na hucewa.