Firintar Rasit: Kafa Ta, Aiki da Ita da Kula da Lafiyarta

Firintar rasit ita ce 'yar na'urar nan da ke tofo takarda a injin ATM, da na'urar POS, da manyan kantuna, da gidajen mai. Masana na kiranta firintar zafi, domin da zafi take rubutu. Babu tawada a cikinta, ba a taɓa zuba mata ba, ba kuma za a zuba ba har ta mutu. Mai wannan rubutu ya taɓa riƙe rumfar POS a Kano, kuma za a riƙa kawo shi misali a wuraren da suka dace, saboda kusan duk abin da littafin kamfani ya hana, sai da ya gwada shi da hannunsa.

Yadda take rubutu

Sirrin yana jikin takardar. An shafe fuskarta ɗaya da wani rini marar launi, haɗe da sinadarin da ke tayar da shi. Muddin babu zafi, kowa na zaman kansa. Da zafi ya taɓa wuri, sai su narke su haɗu, wurin ya yi baƙi. A cikin firintar akwai wani siririn layi da masu gyara ke kira kai, wanda aka jera wa ƙananan ɗigo masu ɗaukar zafi, guda 8 a kowace milimita, wato 203 a inci ɗaya. Mai cin takarda mai faɗin milimita 58 tana da ɗigo 384, mai cin ta milimita 80 kuma yawanci 576. Wata rola ta roba ce ke danne takardar a jikin kan, ƙaramin inji yana murza ta taki-taki, ɗigon da ake so ya yi zafi ya huce kafin ƙiftawar ido. Aikin dai kamar na mai zanen ƙwarya ne da ƙarfe mai zafi: ƙuna ce ake tsarawa har ta zama ado.

Fasahar ba sabuwa ba ce. A 1971 kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fito da na'urar Silent 700, wadda ta yi suna saboda ba ta da hayaniyar injinan da ke dukan takarda. Injinan fas na da ma irin wannan takarda suke ci. A yau kamfanonin Japan irin su Epson da Seiko Instruments da Citizen na cikin manyan masu ƙera ta. A Najeriya ta yaɗu ne bayan Babban Banki ya fara shirin rage yawo da tsabar kuɗi a Legas a 2012, ya kuma fitar da ƙa'idojin wakilan banki a 2013. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya ƙarasa aikin, har ya zama da wuya a wuce lungu ba a ga lema da benci da mai POS ba.

Rashin sani ya fi dare duhu. Ran da rubutun firintarsa ya fara dusashewa, mai wannan rubutu ya rufe rumfa ya nufi kasuwar Farm Centre neman tawada. Wani ya ce ta ƙare, ya duba gaba. Na gaba ya ce baƙa yake so ko shuɗiya, sannan ya sunkuya ƙarƙashin teburi kafaɗunsa na rawa. A ƙarshe wani yaro mai gyara ya tausaya masa, ya ce, "Baba, miƙo rasit ɗin." Ya ja farce a kai da sauri, sai ga baƙin layi ya fito. Ya ce, "Ga tawadar nan, tun daga gida kake ɗauke da ita."

Kafawa da ba ta wuta

Idan za a ɗaura ta a cikin akwati ko jikin kanta, ana ɗaure ta da kusoshi a wuri mai ƙwari, a daidaita bakinta da ƙofar fitar takarda, a bar wa naɗin takarda sarari ya juya ba tare da ya gogi komai ba. A bar kuma wurin buɗe murfi, domin ranar da takarda za ta maƙale tana nan tafe. Ana haɗa jikin ƙarfenta da wayar ƙasa, saboda tartsatsin nan da ke kama yatsa a lokacin hunturu yana iya lalata kan. Manyan injina irin ATM suna da wani sashe da ke riƙe rasit a ciki har a gama bugawa a yanke, sannan a miƙo shi. Waɗanda suka ƙera shi sun san halin ɗan Adam.

Batun wuta ba a yi masa ganganci. Masu milimita 80 galibi bolt 24 suke sha, ƙananan kuma tsakanin 5 zuwa 9. Firintar ba ta jan wuta a hankali. Duk layin da baƙi ya yi yawa sai ta fizgo da ƙarfi lokaci guda. Adafta marar ƙarfi kan sa rubutu ya fito fari-fari, ko na'urar ta mutu a tsakiyar rasit ta farfaɗo ta manta inda ta tsaya. Ƙa'idar ita ce a karanta lambobin da ke jikin na'ura a gwada da na jikin adafta. Ƙa'idar mai wannan rubutu a lokacin ita ce: in baki ya shiga, ya yi. Da adaftarsa ta ɓace, ya laluba kwalin tarkacen wayoyi ya zaro wadda bakinta ya zauna daram. Firintar ta yi ƙyas, wani ƙauri ya tashi, mai shayin da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo yana tambayar wa ke babbaka.

Sanya takarda

Fuskar da aka shafe ita ce za ta kalli kan. Ana gane ta da gwajin farcen nan. A yawancin naɗi tana waje. Ana ajiye naɗin a gurbinsa, a jawo bakin takardar ya ɗan leƙo, a rufe murfi har a ji ya ce ƙas ta ɓangarorin biyu. In aka juya naɗin, firintar za ta yi duk aikinta cikin ladabi, da ƙara da murzawa, ta miƙo takarda fara fat.

Haka ta faru wata safiyar Juma'a da wani dattijo ya cire kuɗi ya nemi shaida. Ya karɓi takardar, ya juya ta, ya ɗaga ta sama wajen rana, ya sa tabarau, ya cire.

"Malam, ko dai idona ne?"

Amsar da ta dace ita ce a ba shi haƙuri a juya naɗi. Amsar da aka ba shi ita ce, "Alhaji, sabon samfuri ne. Sai ta huce rubutun ke fitowa."

Alhaji ya ce to madalla, ya gyara babbar riga, ya zauna a benci yana yi wa takardar fifita. Mutane suka ci gaba da zuwa, kowa ya karɓi tasa farar takardar, Alhaji na yi musu bayani cewa sai ta huce. Kafin kiran sallah bencin ya cika da masu fifita. Ilimin kimiyya bai tabbatar da cewa fifita na fito da rubutu ba, kuma jama'ar benci sun cimma wannan matsaya da kansu, da murya mai ƙarfi.

Haɗa ta da kwamfuta

Kafin a zargi kowa, ana sa firintar ta gwada kanta. A yawancin samfura ana danne maɓallin tura takarda, a kunna wuta yana danne, sai ta bugo bayanin saitinta. In wannan ya fito tsaf, lafiyarta ƙalau, matsalar tana wajen waya ko manhaja. Ana haɗa ta da USB, ko Bluetooth, ko tsohuwar hanyar siriyal. Harshen da yawancinsu ke ji shi ne ESC/POS, wanda Epson ta ƙirƙiro. A hanyar siriyal dole gudun aika saƙo ya zama ɗaya a ɓangarorin biyu. In kwamfuta na magana a 115200 firinta na saurare a 9600, abin da zai fito ba harshen kowa ba ne: alamomi birjik, layi bayan layi, wani lokaci ba tsayawa sai takarda ta ƙare.

Da hakan ta faru a rumfar da ake magana, takarda ta malalo daga teburi ta bi ƙasa har bakin kwata. Mai shayi ya ɗauki tsakiyarta ya nazarta, ya yanke hukuncin cewa Sinanci ne, na'urar tana kewar gida. Mai faci ya ce a'a, wannan aikin magauta ne, a duba wanda ya buɗe sabuwar rumfa a tsallaken titi. Maganin bai wuce a kashe ta, a daidaita lambobin biyu ba. Haka nan yawancin waɗannan firintoci ba su san haruffa masu lanƙwasa ba, don haka Ɗanladi kan fito da alamar tambaya a farkon sunansa. Mai son sunan shagonsa ya fito daidai sai ya aika shi a matsayin hoto.

Aikin yau da kullum

Ba a fizgar rasit tana cikin bugawa. Fizga na karkatar da takarda, ta cinye haƙoran injin, ta sa wuƙar yanka ta maƙale a tsakiya. In wuƙa ta maƙale, ba a ɓalle murfi da ƙarfi. Ana kashe wuta a sake kunnawa, in ta ƙi komawa a murza 'yar ƙafar da aka tanada a gefenta har ta koma gida. Jan layin da ke bayyana a gefen rasit ba ciwo ba ne, sanarwa ce cewa naɗi ya kusa ƙarewa.

A jikin kan akwai ma'aunin zafi. In ya ga zafi ya wuce kima sai ya dakatar da aiki har a huce. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, firintar da ke cikin rumfar kwano kan yi wannan hutu akai-akai. Mai wannan rubutu ya fassara hutun da taurin kai, ya kai mata mari. Daidai lokacin ta gama hucewa, ta ci gaba da aiki. Daga nan ya ɗauki mari a matsayin magani, har yana koya wa yaron shagonsa inda ake dukan. Abin da marin ya haifar shi ne karyewar maƙallin murfi, aka koma ɗaure shi da robar ƙunshin kuɗi. Inuwa da iska su ne maganin, kuma ba sa karya komai.

Tsafta

Maƙiyanta biyu ne: ƙurar hunturu da garin da takarda ke zubarwa. Akwai wani ɗan ido mai lura da ko akwai takarda. In ƙura ta rufe shi, firinta za ta rantse babu takarda alhali naɗi na cike. Busasshen burushi mai laushi ya ishe shi. Farin layi da ke bin rasit daga sama har ƙasa alama ce ta datti a kan, ko ɗigon da ya mutu. Ana kashe wuta, a jira kan ya huce, a jiƙa auduga da sifirit mai tsabta, irin wanda ake kira aisofurofil, a goge a hankali, a bari ya bushe kafin a rufe. Rola ma ana goge ta ana juyawa. Fetur da kananzir da yawu ba sa cikin kayan aiki. Ƙarfe kuwa haramun ne ga kan.

Kamfanoni kan ƙiyasta wa kai rayuwar kilomita 50 na takarda ko fiye. Na mai wannan rubutu bai kai ko nisan Kano zuwa Wudil ba, domin ya ga wani baƙin abu manne a jiki ya kankare shi da bakin reza. Dattin ya fita, ɗigo kaɗan da ke jere suka bi shi. Tun daga ranar farin layi ya zauna a wuri ɗaya, kuma cikin ikon Allah wurin ya faɗo a gefen hagu na lambar farko ta kuɗi. Duk 8 da aka buga sai ta koma 3. Wata Hajiya da ta tura wa ɗanta naira 8,000 ta duba rasit ta ga 3,000, ta ajiye jaka a ƙasa, ta gyara ɗaurin mayafi, ta ce, "Ɗan nan, da furfurata za ka yi min wannan?" Ɗigon da ya mutu ba ya dawowa. Sai sabon kai, kuma sau da yawa kuɗinsa da na gyara sun kusa na sabuwar firinta.

Rayuwar rasit

Rubutun zafi ba ya daɗewa in ba a kula ba. Rana na koɗar da shi, maiƙo na cinye shi, haka ma salatif da walat ɗin roba. Zafi kuma yana mayar da takardar duka baƙa ƙirin. Saboda haka ba a kai rasit a manne shi da leda mai zafi, ba a ajiye shi gaban gilashin mota, ba a kuma barin rasitan wata guda a aljihun kaftani a miƙa wa mai guga. An gwada wannan na ƙarshen, kaftanin ya dawo da kyau. Rasit mai muhimmanci ana ɗaukar hotonsa da waya ko a yi masa fotokwafi tun rubutun na raye.

Sinadarin da aka daɗe ana shafa wa takardar shi ne BPA, wanda Tarayyar Turai ta taƙaita shi a irin wannan takarda daga Janairun 2020 saboda lafiyar masu yawan taɓa ta. Don haka ba a ƙunshe goro ko ƙosai a ciki, kuma mai wuni yana yagar rasit ya wanke hannu kafin ya ci abinci.

A taƙaice, firintar rasit na'ura ce mai haƙuri, kuma mafi yawan cututtukanta daga mai ita suke fitowa. In ta ƙi aiki, a duba fuskar takarda, a duba wuta, a duba ƙura, a ba ta lokaci ta huce. In duk an yi ba ta tashi ba, a kai ta wajen mai gyara, a kuma gaya masa gaskiyar abin da aka yi mata, domin ko an ɓoye zai gani da ya buɗe.