Zuwa ga Bawana na Zazzau, Mai Gasa Firosesa

Bawana, gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa. Labari ya iso Kano cewa ka sayi Core i7-13700K, ka shiga BIOS ka ɗaga masa gudu, ka kuma ɗura masa ƙarfin wuta har bolt 1.5, wai don ka ga wani Bature ya yi a YouTube. Ku Zage-zagi dama haka kuke. Tunda aka kafa jami'a a Samaru, har mai sayar da rake ji yake shi injiniya ne.

Baturen nan, ko dai a ɗaki mai na'urar sanyaya yake zaune, ko kuma ruwan naitirojin yake kwarara wa nasa, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, don ya yi bajintar 'yan mintoci ya kashe. Kai kuwa a Tudun Wada kake, ƙarƙashin kwano, a watan Afrilu da zafi ke tunkarar 40. Duk digirin da ɗaki ya ƙara, firosesa ma kusan shi yake ƙarawa. Ka mai da abin tukubar tsire, kana mamakin yana kashe kansa.

To saurara, kyauta zan ba ka, ko da yake kun ce Bakano ba ya kyauta. Iyakar da Intel ta sa wa irin naka digiri 100 ce. Da ya taɓa ta sai ya rage gudu da kansa don ya tsira, ka ga gudun da ka je nema ma ka rasa. Masu wannan harka ba sa son ya wuce 85 in yana aiki tuƙuru. Kada kuma ka aro lissafin maƙwabci: Ryzen 7000 na AMD an ƙera su ne su kai 95, shi kuwa 7800X3D a 89 ya tsaya.

Ƙarfin wutar shi ne babban laifinka. Daga 1.25 zuwa 1.5 ƙarin kashi 20 ne cikin ɗari, amma wutar da firosesa zai sha, wadda ke komawa zafi, ƙarin kashi 44 za ta yi, tun kafin a lissafa gudun da ka ƙara. Shi ya sa don aikin yau da kullum ake tsayawa wajen 1.35, mai ƙarfin hali ya leƙa 1.4. Ɓarnar kuma ba a rana ɗaya take fitowa ba. Wuta mai yawa tana cinye siraran hanyoyin cikinsa a hankali. Yau lafiya lau, bayan watanni allo ya koma shuɗi, sai ka ɗora wa sammu. A 2024 Intel da kanta ta amsa cewa yawan wuta na lalata zubi na 13 da na 14, irin naka ke nan, ta fitar da gyara a Agusta mai hana su neman fiye da 1.55, ta ƙara garanti na shekara biyu. Wanda ya riga ya lalace, gyaran ba ya dawo da shi. AMD ma a 2023 sai da ta ƙayyade wutar sashen SoC a 1.3 bayan wasu sun ƙone. Masu ƙera abin suna ja da baya, Bazazzagi yana ƙarawa!

Ka sabunta BIOS. Ka kaɗe ƙurar hunturu daga fanka, ka sake man da ake shafawa tsakanin firosesa da abin sanyayawa. A kowane mataki, gudu a ƙara megahaz 100, wuta bolt 0.01, ka buɗe manhajar HWiNFO kana kallon zafin yayin da manhajar gwaji ta OCCT ke gumurzu na sa'a guda, da tsakar rana, ba da asuba ba.

In ka ƙi ji, kada ka jefar da gawar. Garanti ba ya biyan ɓarnar da mutum ya jawo da hannunsa, amma 'yan gwangwan na Kano suna saye a kan kilo. Ni zan yi maka dillanci, la'adata kashi goma.