Wayata Ta Bara Ce, Kuma Ban Tuba Ba

Tun ranar da na fito fili na ce na sayi waya samfurin bara, na bar ta bana a kan teburin mai shago, ban sake shan shayi da daɗin rai ba. Ƴan fadarmu ta Zango sun laƙaba mini suna Baba Tattali. Wani ya ce ranar da ta Allah ta kasance a kaina, a haɗa ni da jikkunan da na rage a rufe mu tare. Wata baiwar Allah daga Tudun Jamus kuwa saƙon murya ta aiko, na minti 7 cur, tana cewa irinmu ne ke hana Damagaram ci gaba. Na saurare shi daga farko har ƙarshe, Hajiya, kuma a wayar nan da kike zagi na saurara, ko sau ɗaya ba ta yi tari ba.

Kafin ku ci gaba da jifa, ku san abin da kuke jifa. Ba kwance na saya ba, ba kuma gadon kakana ba ce. Sabuwa ce dal a kwalinta, ledarta ma ni na ɓare. Laifinta ɗaya: ƙanwarta ta fito, an daina liƙa hotonta a bakin shago. Mai shagon, can gefen Kasuwar Dole, ya ajiye mini su biyu a jere. Yayar jika 55, ƙanwar jika 95. Na juya wannan, na juya waccan. Girma ɗaya, batir ɗaya, bakin caji ɗaya. Ya ce, “Alhaji, wannan fa ta fi gudu.” Na ce, “Ina za ta?” Ya yi dariya bai ba ni amsa ba. Jika 40 ɗin da ke tsakaninsu buhun hatsi ce, kuma ban taɓa jin gidan da aka tuƙa tuwo da gudun waya ba.

To, ku samari masu maganar gudu, ku matso kusa. Ɗan ƙanwata yana cikinku, shi ne ma limaminku. Ya sayi ta bana, mai kyalli kamar gilashin motar ango, in ya zo gaishe ni sai ya ɗora ta a tabarma, bayanta a sama, don idanun kyamararta uku su kalle ni. Wata Lahadi muka ɗauki hanyar Mirya, tafiyar kilomita 18. Muka tsaya a inuwa, aka turo mana majigin kokowa a zauren dangi, mu duka biyu a lokaci guda. Ya danna, na danna. Zoben nan mai juyawa ya fito a tasa, ya fito a tawa. Ya ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa, ya hau kan tudu, ya sauya layi. Ni ina zaune ina ɓare gyaɗa. Da rezo ya ga dama ya dawo, tare suka buɗe, har ɗan kokowar ya sha ƙasa a wayoyinmu a daƙiƙa ɗaya. Na ce, “Ɗana, ina gudun?” Ya ce, “Kawu, ai ba laifin wayar ba ne.” Na ce madalla, abin da nake faɗa ke nan tun farko, kuka ce tsufa ne.

Ingarma kuka saya, amma a turke yake. Abin da yawancinmu ke yi da waya, wato saƙon murya, kiran ɗan'uwa a Agadas ko Libiya, kallon wa'azi, tura hoton rasiɗin kuɗi, duk ta hanya ɗaya yake bi, kuma faɗin hanyar ba a cikin wayarka yake ba, yana kan ƙarfen eriya da yawan mutanen da suka rataya a kansa. Wanda ya biya ƙarin kuɗi saboda an rubuta 5G a kwali, don Allah ya gaya mini a wace kwana tsakanin Takeita da Gure yake kama ta, in je in shimfiɗa tabarma a wurin.

Sai idanun nan uku. Ku je wurin mai gyara ku roƙe shi ya buɗe muku bayan wata mai araha. Sau da yawa ido ɗaya ne ke aikin kirki, na biyu ɗan rakiya ne, na uku kuwa kwalliya ce irin ta kwalli a idon makaho. Haka lambar nan da ake rubuta wa RAM da manyan baƙaƙe, 4+4. RAM shi ne faifan da waya ke baza aikin da ke hannunta, ma'ajiya kuma rumbu ce. Huɗun farko faifai ne na gaske. Huɗun da aka ƙara, wani lungu ne aka share a cikin rumbu aka ce shi ma faifai ne, alhali shiga rumbu da fita ba ya sauri kamar miƙa hannu. Ɗan kabu-kabu ne ya ɗaura katako a bayan babur ya ce mazaunin mutum huɗu gare shi. Za a hau, amma ba za a so tafiyar ba.

Na ji wani daga baya yana cewa, “Baba, hassada ce.” Akwai ƴar kaɗan, ba zan ɓoye ba, kuma ga inda take. Kun tuna farkon Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, har da layin da ke biyowa ta Katsina da Gazawa? Sai a Maris na 2024 ta dawo. A watannin nan kowa ya san matsayinsa. Mai teburin caji, da ɗan injinsa ko faifan hasken ranarsa, ya koma hakimi. Ya manna wa wayarka takarda mai lamba, ya ba ka gutsuren kwali mai irin lambar, ka koma gida hannu rabbana kamar wanda ya kai ɗansa asibiti aka kwantar. A irin wannan hali, in kuran ya leƙo na awa ɗaya ya koma, wayar ɗan ƙanwata takan sha ta wuce rabi, tawa kuwa tana kurɓa kamar tsohuwa da kunu mai zafi. Saurin caji, wannan kam gudu ne mai amfani, na sallama. Da mai shago ya faɗa mini wannan maimakon wancan gudun, wataƙila da ya ci rabin jikkunan nan. To amma tawa ma batirinta 5000 ne kamar nasa, kuma tun da ba na kwana ina shafa TikTok, nakan wayi gari da saura, shi kuma ya zo aron caja.

Yanzu ku dattawan da ke gyaɗa kai kuna cewa Malam ya faɗi gaskiya, ku dakata da tafin, don kanku zan juyo. Na ga abin da ke aljihunku. Waya ce da aka saya tun ana ce wa kamfanin Zamani Orange, gilashi ya tsage kamar ƙasar fadama a bazara, an ɗaure ƙugunta da kyauron roba, bayanta ya kumbura kamar ta ci wake. Kuna cewa da tsohuwar zuma ake magani. Zuma ce ba ta da batir. Batirin waya in ya yi cikakken caji wajen sau 500, kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa ya tafi, zafi kuma yana gaggauta masa tsufa. Mu da ma'aunin zafi ke haura 40 a Afrilu da Mayu, muna kuma ajiye waya a kan kujerar babur a rana, ba sai an yi mana lissafi ba. Kumburin nan iska ce ta taru a cikin batirin da ya lalace, kuma ba abin sa wa ƙarƙashin matashin kai ba ne.

Wani aminina, ba zan faɗi unguwarsu ba don ƴaƴansa na karanta ni, duk safiya sai ya yi shara kafin wayarsa ta yarda ta karɓi saƙo. Ya goge hoton jika, ya goge wa'azi, ya tsaya yana shawara tsakanin bikin ƴarsa da hoton ragon layya. Rumbunta 16 ne, tsarin wayar da kansa ya cinye kusan rabi. In ya buɗe WhatsApp sai ya ajiye ta ya tafi alwala. Ranar da na ce ya sauya, ya ce shi ba ya bin yayi. Ai kuwa yayi na bin sa: tun Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan duk wayar da ba ta kai Android 5 ba, kuma wannan gatari ba sau ɗaya yake sara ba, yana matsowa sannu a hankali. Google ya fitar da Android Go a 2017 don ƙananan wayoyi masu ƙaramin faifai, ya taimaka, amma manhajojin sun yi ta ƙiba tun daga lokacin, riga kuwa tana nan yadda aka ɗinka ta. Ga kuma abin da ba a gani da ido. Yau kuɗi na shiga waya, ana aikawa ta Nita da Amana, ana ajiye lambobin sirri. Wayar da kamfaninta ya daina aiko mata da gyaran tsaro gida ce da ƙofarta ta ruɓe, mai ita na barci yana cewa ai bara ba a shigo ba. Samsung ya yi wa Galaxy A16, wadda ta fito a 2024, alkawarin shekara 6 na irin wannan gyara. Yawancin masu araha ba sa kai rabin haka. Mai sayen samfurin bara ya sani ya riga ya ci shekara ɗaya daga rabonsa. Na sani, na kuma saka shi a lissafi.

Wani ɗalibin Jami'ar André Salifou, mai kaifin baki, ya so ya kayar da ni da tarihi. Ya ce a Tirmini, cikin Yulin 1899, ba ƙarancin jarumta ya ci dakarun Sarki Amadu Kuran Daga ba, bindigar Faransawa ce ta fi tasu sabunta da saurin ɗuri. Na ce ka yi karatu, yaro, Allah ya ƙara basira. Amma koma baya kaɗan. Sarki Tanimun, da ya yi mulki har 1884, ya ja ganuwa ya kuma tara bindigogi, bai tsaya ga abin da ayari ke kawowa daga Tarabulus ba. A nan Zinder ya sa maƙera suka zuba igwa, aka haɗa albarushi. Ya san makamin da ba a iya gyara shi a gida aro ne. Kai kuma yaƙin da ke gabanka buɗe takardun darasi ne da kiran mahaifiyarka a Magarya, ba Tirmini ba.

Maƙeran yau suna nan a bakin kasuwa, ƙarƙashin laima, da ɗan ƙarfen narka dalma, da buroshin haƙori, da gwangwanin madara cike da ƙananan kusoshi. Na zauna wurin ɗaya ina kallo. Aka kawo masa samfurin bara, gilashi a farfashe. Bai ko ɗaga kai ba, ya miƙa hannu cikin kwali ya zaro gilashinta, ya hura wa tsohon zafi ya ɓanɓare, kafin a sauke shayi na biyu ya gama. Aka kawo ta bana, wadda ta faɗo daga aljihun ɗan kabu-kabu mako biyu da saye. Ya juya ta, ya tsotsi haƙori, ya ce, “Maigida, wannan kayanta ba su shigo ba tukuna. Sai an aika Kano.” Mai ita ya koma ga ƴar rakani-kashi, yana danna maɓalli yana ɓoye ta a hannun riga. Ba banza ba Tecno da Itel da Infinix, waɗanda duk kamfani ɗaya ke yi, Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, suka kama wajen rabin kasuwar wayoyin shafa a Afirka. Sun zo da gurbin layi biyu don mutanen da ba sa amince wa layi ɗaya, da batir mai jimiri, da kayan gyara da ake samu a kowace rumfa.

Ku kuma Kanawa da ke leƙen wannan shafi kuna murmushi, na san ku. Kuna cewa mu zo Farm Centre a yi mana jagwal, a ba mu babbar waya ta hannu a kuɗin ƙarama. Mun gode. Mun sha ganin babbar wayar da ta tsallako Ɗan Barto lafiya lau, ta iso Matamai da zazzaɓi, ta cika a Zinder. Kakanninmu da suka je muku da dawaki ba su dawo da irin wannan ganima ba.

Mai son bin sawuna, ga abin da na duba kafin in ƙirga kuɗi, kuma a gaban mai shago na duba. Na karanta watan da aka ƙera ta a jikin kwali, don batir yana tsufa ko a kan kanta yake zaune, wadda ta shekara uku a shago ba sabuwa ba ce, gwauruwa ce. Na shiga cikin saitinta na ga faifan gaske 4 ne ba tare da ƙarin katako ba, rumbu kuma 128. Na ga bakin cajinta irin na yanzu ne, mai shiga ta kowace fuska, wanda ko a gidan biki za ka samu aro. Sannan na tsallaka titi na tambayi mai gyara ko yana da gilashinta. Ya ce har guda nawa nake so. Wanda sana'arsa ɗaukar hoton biki ce ko haɗa majigi, ya ƙara kuɗi ya sayi mai ƙarfi, kayan aikinsa ne, ba ruwana da shi. Sauranku kuwa, da ni da ku duk saƙon murya muke aikawa.

Hajiyar Tudun Jamus, da ɗan ƙanwata, da ɗalibin Tirmini, ranar Alhamis ina Kasuwar Dole tun hantsi. Kowa ya zo da tasa a cike, ba caja, ba batirin aljihu. Wanda tasa ta riga mutuwa kafin la'asar, shi zai sayi kilishi.