Likitan Cinya Ba Digiri

Wasan Fantasy Premier League ya mayar da rabin samarin gari likitoci. A ba ka fam miliyan 100 na ƙarya, ka sayi 'yan wasa 15, sannan hawan jinin da zai biyo baya ya zama na gaske.

Dubi Reece James na Chelsea. A kakar 2021/22 ya ci ƙwallo 5, ya ba da 9 aka ci, alhali mai tsaron baya ne, wanda ƙwallonsa ɗaya maki 6 ne. Wa zai ƙi? Sai tsokar bayan cinya ta ce ita ma tana da magana. A Disamban 2023 aka yi masa tiyata, ya ƙare kakar shekarar da wasa 10 kacal a gasar Premier League.

To, ga lissafin. Alamar rawaya da wasan ke sa wa mai rauni ta ce kashi 75 cikin 100 zai buga. Ka sayar da shi bayan canjin kyauta ya ƙare, a zaftare maka maki 4, ranar Asabar ya ci ƙwallo. Ka riƙe shi, ya shigo a minti na 88, ya kawo maki 1, ya kuma hana na benci shigowa.

Shi ya sa malam, wanda bai taɓa tambayar ciwon bayan mahaifinsa ba, yake kwana yana nazarin cinyar wani a Landan.